Hafsatu ta yafe wa Nura ko kada ta yafe? Ina neman shawararku kafin in rufe labarin

Marubuciya_Fagge:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Waɗanda suke bin labarin da nake rubutawa a wannan zaure sun san yau kwana tara ke nan ban saki sabon babi ba, kuma ba rashin lokaci ne ya hana ni ba. Na kai Hafsatu da Nura wani wuri da ni kaina na rasa yadda zan fito da su, shi ya sa na ga gara in kawo maganar gabanku.

Ga wanda bai karanta ba, Hafsatu AS ce (wato tana ɗauke da ƙwayar gadon sikila amma ba ta ciwon; mai ciwon shi ne SS, wanda ba ya ɗauke da ita kuma AA), kuma ƙaninta Sagir ya rasu da ciwon sikila yana da shekara 11, a kan cinyarta, a cikin adaidaita sahu kafin su isa asibiti. Tun zuwan Nura zance na biyu ta faɗa masa, suna zaune a kan tabarma a soron gidansu, cewa ta yi wa kanta alkawari ba za ta auri mai AS ba ko da shi kaɗai ya rage a duniya. Nura ya yi murmushi ya ce ta kwantar da hankalinta, shi AA ne. Aka yi shekara uku ana tare, aka kai kuɗin gaisuwa, aka sa rana, aka kawo lefe akwati shida. Saura mako biyar biki suka je gwajin da ake yi kafin aure, sakamako ya fito Nura AS ne. A farfajiyar asibitin ta tambaye shi ko kuskure aka yi, sai ya sunkuyar da kai ya ce ya san haka tun gwajin da aka yi masa lokacin shiga jami'a, tsoron rasa ta ne ya sa ya ɓoye.

Yanzu kullum bayan magariba yana zuwa ya tsaya a gindin darbejiyar ƙofar gidansu, ba ya aika yaro a yi masa sallama da ita, ba ya kuma tafiya sai an kira isha'i. Hafsatu ta yafe masa ko kada ta yafe? Idan ta yafe ina tsoron masu karatu su ce na raina hankalin mata, idan kuma ta ƙi ina tsoron a ce na zana mace marar imani.

Baban_Sadiq:
Wa alaikumus salam Malama. Ni a ganina ta yafe masa, domin yaron nan bai ci amanarta da wata mace ba, bai cinye mata dukiya ba, abin da ya yi ya yi shi ne saboda tsananin son da yake yi mata. Duk wanda ya taɓa son mutum har ya ji numfashinsa yana sarƙewa idan ya tuna rabuwa zai fahimci halin da Nura ya shiga a soron nan. Allah da kansa ya ce mu yi afuwa mu kau da kai, ko ba ma son ya gafarta mana, kuma idan ban manta ba ayar tana cikin Suratun Nisa'i.

Ummu_Affan:
Baban Sadiq, ka ce abin da ya yi ya yi shi ne saboda so, ni kuwa ina ganin son kansa ne ya fi yawa a ciki. Ƙaryar da aka yi a zance na biyu za a iya cewa firgita ce, amma wadda aka raina har shekara uku ta zama sana'a. Na karanta babi na 14, inda Hafsatu ta ɗauko rigar makarantar Sagir daga ƙasan akwati ta nuna masa tana kuka, shi kuma ya miƙa mata hankici ya ce mata in sha Allahu 'ya'yansu ba za su ga wannan wahalar ba. Mutumin da ya iya furta wannan jimla alhali ya san abin da ke cikin jininsa, to babu wata magana tasa da za ta sake zama a zuciyarta ba tare da ta juya ta ta duba bayanta ba. Kuma a lura, ba shi ya zo ya faɗa ba, takarda ce ta tona shi.

Malam_Na_Soro:
Gyara kaɗan ga ɗan uwa Baban Sadiq, ayar da kake nufi tana cikin Suratun Nur ne, aya ta 22. Ta sauka ne a kan Sayyidina Abubakar lokacin da ya rantse zai daina ciyar da Misɗahu ɗan Usasa, ɗan uwansa matalauci, saboda ya sa baki a ƙazafin da aka yi wa Nana A'isha. Da ayar ta sauka Abubakar ya mayar masa da abin da ya saba ba shi. Wannan hujja ce mai ƙarfi a kan falalar yafiya, babu musu.

Sai dai Malama marubuciya, ina ganin kin ɗaure abubuwa biyu da igiya ɗaya, shi ya sa alƙalaminki ya tsaya. Yafe laifi daban, mayar da mutum matsayinsa na da daban. Wahshi, wanda ya kashe Sayyidina Hamza a Uhudu, ya musulunta kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya karɓi musuluncinsa, amma ya tambaye shi ko zai iya kawar da fuskarsa daga gare shi. Haka nan labarin Barira da mijinta Mugisu ya zo a Bukhari. Da aka 'yanta ta aka ba ta zaɓi, ta zaɓi rabuwa, shi kuwa yana bin ta a lungunan Madina yana kuka hawaye suna zuba a gemunsa. Annabi ya ce mata da ma ta koma masa, ta tambaya ko umarni ne, ya ce a'a, ceto kawai yake yi, ta ce ba ta da bukatarsa, kuma ba a zarge ta ba. Saboda haka Hafsatu tana iya cewa ta yafe masa duniya da lahira, ta kuma ce a zo a kwashe akwatunan, ba tare da imaninta ya ragu da ƙwayar zarra ba.

Baban_Sadiq:
Na gode da gyara, Allah ya gafarta Malam. Amma Mugisu bai samu mai rubuta masa ƙarshen labari ba, Nura kuwa yana da ita, kuma ina roƙa masa sassauci.

Ɗan_Kurmi:
Ni ban ga abin da zai hana auren ba idan ta yafe. An ce idan AS ya auri AS ɗa ɗaya ne cikin huɗu yake zuwa da sikila, to sai su haifi biyu ko uku su tsaya. Kuma ai akwai masu rukunin jini iri ɗaya da yawa da suka yi aure suna zaune lafiya.

Nas_Bilkisu:
Ɗan Kurmi, don Allah kada wannan lissafin ya fita daga zauren nan, domin shi ne yake cika mana ɗakin yara a asibiti. Ɗaya cikin huɗun da ake faɗa a kan kowane ciki ne, ba a kan jerin 'ya'ya ba. Duk lokacin da aka samu ciki ana sake jefa ƙuri'ar ne daga farko: kashi 25 cikin ɗari yaron ya zo SS, kashi 50 ya zo AS, kashi 25 ya zo AA. Na ga gidan da 'ya'yan fari uku a jere duk SS ne, na kuma ga gidan da aka haifi shida babu ko ɗaya. Sannan rukunin jini, wato A da B da AB da O, wani abu ne daban da wannan da muke magana a kai, mutane suna yawan haɗa su. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa a duniya yawan jariran da ake haifa da sikila, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu a cikinmu yana ɗauke da AS, shi ya sa a shekarar 2024 gwamnatin Kano ta sa hannu a dokar da ta wajabta gwaji kafin ɗaurin aure, har da na ƙanjamau da ciwon hanta.

Abin da nake so marubuciya ta riƙe shi ne, Hafsatu ba lissafi take tsoro ba. Ta san daren hunturu da yaro yake murƙususu yana cewa ƙashinsa ake sara, uwa tana dafa ruwa tana gasa masa ƙafafu da tawul, uba yana zagayen neman wanda zai ba da jini. Nura ya san ta san wannan, ya kuma yanke mata hukunci shi kaɗai cewa za ta iya sake ɗauka.

Jaruma_SS:
Ina karanta ku tun ɗazu ina ta tunanin ko in yi magana. Ni SS ce, shekarata 29, na gama karatu ina aiki, kuma ina roƙon marubuciya kada ta mayar da irinmu dodon da ake tsorata masoya da shi, domin rayuwata ba azaba ba ce da aka saukar wa iyayena. Amma zan faɗi gaskiya ɗaya. Iyayena ba su sani ba lokacin da suka yi aure, a zamaninsu babu mai zancen gwaji, shi ya sa ko sau ɗaya ban taɓa riƙe su a zuciya ba. Da a ce wata rana na gano mahaifina ya sani ya ɓoye wa mahaifiyata, ban san da wane ido zan riƙa kallonsa ba a daren da ciwo ya tashi. A cikin labarin nan akwai wanda ba a tambaye shi ba, shi ne yaron da ba a haifa ba tukuna, kuma Hafsatu ba ta da ikon yafewa a madadinsa.

Marubuciya_Fagge:
Jaruma, na karanta saƙonki sau uku, kuma na ɗauki gargaɗinki. Zan kuma faɗa muku abin da ban faɗa ba da farko: ni kaina ina son Nura. Shekara guda ina gina shi, na ba shi haƙuri da kunya da iya magana, na sa ya riƙa kai mahaifin Hafsatu asibiti a kan babur ɗinsa duk ranar da zai ga likita. Wataƙila abin da ya tsayar da ni shi ne ina neman wanda zai ba ni izinin in aura masa ita.

Ɗan_Damagaram:
Bari in ba ku nawa, ko zai yi amfani. Lokacin da nake neman uwargidana ina da shago a kasuwar Dole a nan Zinder, kuma har aka sa mana rana tana ɗauka shagon nawa ne da kayan da ke ciki. Gaskiyar ita ce rabin kayan bashi ne, kuma wanda ya ba ni ya fara yi mini barazana. Na yi wata huɗu ina zuwa hira da sabuwar shadda ina dariya, cikina kuwa kamar an zuba garwashi. Wata rana bayan la'asar na je na same ta tana tsince shinkafa a faranti, na zauna na faɗa mata komai, har adadin kuɗin. Ba ta ce mini uffan ba, ta ci gaba da tsintarta har ta gama, sannan ta ce in tafi za ta neme ni. Kwana 20 ba ta neme ni ba. Da ta yafe ta ce abu ɗaya ne ya cece ni, shi ne da bakina ta ji, ba a bakin mai bin bashi ba.

Duk da haka kada ku ɗauka an koma yadda ake. Mun fi shekara biyu da aure idan na ce mata na sayi abu kaza a kan kuɗi kaza sai na ga ta ɗan yi jim kafin ta amsa. Wannan jim ɗin shi ne kuɗin da na biya, kuma ban taɓa yi mata ƙorafi a kai ba. Ina tuna Ka'abu ɗan Malik da bai je Tabuka ba, wasu suka zo da uzurin ƙarya, shi ya faɗi gaskiya, aka ƙaurace masa kwana 50 kafin karɓar tubarsa ta sauka. Wanda ya kawo kansa ma sai da ya jira, balle Nura da aka kamo.

Mai_Sukar_Labari:
Ni matsalata da tsayuwar gindin darbejiyar nan ce. Malama, kin rubuta ta ne don mu tausaya masa, amma ki dube ta daga cikin gida. Duk unguwa tana ganinsa, masu shago suna nuna shi, matan maƙwabta suna shigowa suna cewa Hafsatu ki ji tsoron Allah, yaron nan zai haukace. Ya ɗauki laifin da ya yi mata a ɓoye ya mayar da shi abin kallo a fili, inda ita ce za ta fito a mai taurin zuciya. Tuba ta gaskiya ita ce ya je wurin mahaifinta da rana tsaka ya ce shi ya yi ƙarya, ya roƙi a faɗa wa dangi cewa fasawar daga gare shi take, don kada a ce yarinya an fasa aurenta saura mako biyar a fara yi mata ƙirƙire-ƙirƙire.

Sannan ina da shawara a kan ginin labarin. Muddin Nura AS ne, masu karatu za su ce jini ne ya raba su, maganar amana kuma ta ɓace a ciki. Ki sa a sake gwaji ya fito AA. A nan ne za mu ga ainihin tambayar: babu sauran haɗari ga 'ya'ya, saura ƙaryar tsirara. Za ta aure shi?

Nas_Bilkisu:
Shawarar tana da kyau amma tana bukatar gyara. Kuskure yana faruwa a wuraren gwaji, ni kaina na taɓa karɓar wata da aka ba ta AA a wani wuri, sai da ta haifi ɗa SS aka gane ita AS ce, shi ya sa muke cewa a maimaita a wuri na biyu. Amma gwaji biyu su ce AS sannan na uku ya ce AA, wanda ya san aikin zai yi wa labarin dariya. Gara a juya shi: gwajin aure ya fito AA, kowa yana murna, sai ita ta ci karo da tsohon katinsa na jami'a an rubuta AS, ta gane cewa duk shekara ukun nan shi a zuciyarsa ya yi imani AS ne, kuma a haka ya shirya shiga da ita.

Baban_Sadiq:
To idan haka ta kasance ai magana ta ƙare, Allah ya rufa masa asiri, sai a sha biki. Wa aka cuta?

Ummu_Affan:
An cuci wadda aka shirya cuta, Baban Sadiq. Idan mutum ya miƙo maka kofi yana da yaƙinin akwai guba a ciki, ka sha ka tarar ruwa ne zalla, lafiyarka ta tsira, amma ka riga ka san wanda ya miƙo maka. Ni a wannan sigar ma na fi jin tsoronsa, domin yanzu duk dangi za su taru a kanta su ce ba ta da hujja, kuma abin da ta gani a cikinsa ba ya nunuwa a takarda.

Gwaggon_Yara:
'Ya'yana, na aurar da mata biyar, saboda haka bari in faɗa muku yadda abin yake tafiya idan ya bar hannun masoya ya shigo tsakar gida. Ranar da aka ce an fasa, ba zancen zuciya za a fara ba, zancen akwati za a fara. An riga an kai wasu atamfofin wurin tela, an raba wa ƙannen uwa da na uba nasu, uban yarinya ya ba kafinta kuɗin gado da kujeru, wataƙila ma ya sayar da fili. A irin wannan lokaci ne za ku ji kowa ya zama malamin haƙuri, kuma duk haƙurin a kan yarinyar ake sauke shi, domin haƙurinta ne mafi arha a gidan. Za a ce mata tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, alhali ba saɓani aka yi ba. Marubuciya, idan za ki sa ta yafe, ki bari ta yafe bayan an mayar da kayan, lokacin da babu wanda zai ci riba da yafiyarta. Wadda aka karɓa ana tsaye a kanta da lissafin kuɗin kafinta ba sunanta yafiya ba.

Ɗan_Kurmi:
Na karɓi gyaran Nas Bilkisu. Amma Malam, a shari'a wa ke da lefen nan idan ita ce ta ce ta fasa?

Malam_Na_Soro:
Malamanmu na Malikiyya suna duba ɓangaren da fasawar ta fito: idan namiji ne ya janye ba ya karɓar kyautar da ya bayar, idan kuma daga wurin mace ne yana da damar nema. Sai dai a nan za a yi jayayya a kan wane ne ya jawo fasawar, tunda ta gindaya sharaɗi tun farko shi kuma ya yaudare ta a kansa, kuma irin wannan alƙali ne ko masu sulhu suke zama su warware bayan sun ji kowane ɓangare. Ni dai da za a tambaye ni a matsayin uba, zan ce a mayar masa da komai har zare da allura, don kada ya rage wata igiya da za a riƙa jan yarinyar da ita. Amma ina tare da Baban Sadiq a abu ɗaya: kada a rufe wa Nura ƙofar zama mutumin kirki a labarin. Wanda ya yi ƙarya yana da shekara ashirin da 'yan kai ba a gama rubuta shi ba.

Gwaggon_Yara:
Akwai abin da yake ci mini rai tun da na fara karantawa, ba wanda ya taɓo shi. Yaro ya yi gwaji lokacin shiga jami'a, ya dawo gida da takarda. Wa ya nuna wa? Ni ban san ɗan da zai ɓoye wa uwarsa irin wannan ba. Idan Hajiyarsa ta sani, kuma ta san abin da ya kashe Sagir tunda ta je gaisuwa gidan da bakinta ta ji, sannan ta zauna ta zaɓi atamfofi ta jera a akwati shida ta aika, to ba Nura kaɗai Hafsatu za ta yafe wa ba, kuma a gidan wannan matar za a kai ta.

Marubuciya_Fagge:
Gwaggo, kin sa na ajiye waya na tashi na zagaya ɗaki. A babi na 6 ni da hannuna na rubuta cewa Hajiya ce take ajiye duk takardun Nura a cikin wata tsohuwar jakar Makka a ƙarƙashin gadonta, tun daga takardar haihuwa har ta kammala jami'a, na rubuta ne kawai don in nuna yadda take ji da shi, ban san na dasa wani abu ba. Ke nan ta sani. Ban yanke ko zan bi shawarar Mai Suka da Nas Bilkisu a kan katin ba, kuma har yanzu ban san abin da Hafsatu za ta ce wa Nura ba. Amma babi na gaba ba a gindin darbejiya zai buɗe ba, zai buɗe ne da sallamar Hajiya a tsakar gidan su Hafsatu da hantsi, mahaifiyar Sagir tana shanya.

Ummu_Affan:
Idan ta shigo, don Allah kada ki sa Hafsatu ta gudu ɗaki. Ki bar ta ta shimfiɗa mata tabarma da hannunta, ta kawo ruwa, ta gaishe ta yadda ya kamata, sannan ta zauna a inda za ta ji komai.